SANI DABAN, IYAWA DABAN: INA MASU KOYAR DA AIKIN JINYA SUKA TSAYA?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, ina roƙo ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda da ganin farko za ku ce ta 'yan sashen koyon aikin jinya ce su kaɗai. Lalle kuwa ta shafe mu duka. Duk wanda ke karanta wannan mujalla, ko ɗan sashen shari'a ne ko na aikin gona, wata rana zai sami kansa a asibiti, ko dai shi ne a kwance, ko mahaifiyarsa, ko matarsa tana kan gwiwa. A wannan rana ba zai tambayi ma'aikaciyar jinya maki nawa ta ci a jarrabawa ba. Abin da zai dame shi kawai shi ne ko ta iya aikin da ta zo yi.

Bari in fara da kaina kafin in taɓa kowa. A shekarata ta uku aka tura mu wani babban asibiti domin koyon aiki. Wata rana da dare aka kawo wata dattijuwa mai amai da gudawa, jikinta duk ya bushe, idanunta sun faɗa. Sistar da ke kula da mu ta ce in sa mata allurar ƙarin ruwa, ita tana tsaye tana kallo. Makonni kaɗan kafin wannan dare na ci maki mai yawa a jarrabawar da ta shafi ruwan jikin ɗan Adam, har ina iya jera matakan sa wannan allura da ka, ɗaya bayan ɗaya, ba tuntuɓe. Amma da na kama hannun baiwar Allah nan sai na rasa jijiya. Na soka ban samu ba, na sake ban samu ba, hannuna yana rawa, 'yarta kuwa ta zuba mini ido. Sista ta karɓa, ta sauke hannun ƙasa, ta ɗaure, ta shafa da yatsa tana jan tsohuwar da hira, ta soka sau ɗaya ruwa ya kama tafiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Da gari ya waye ne ta ce da ni, 'yata, sau nawa kika taɓa yin wannan da hannunki kafin jiya? Na ce sau ɗaya, a jikin hannun roba, mu fiye da ɗari muna layi.

Tun daga ranar na shiga tambayar malamanmu, da wasu malaman kwalejojin jinya da nake haɗuwa da su a asibiti, yadda suke ganin tsarin nan da ake ta magana a kansa, watau koyarwa bisa iyawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin hira muka yi ta malami da ɗaliba. Abin da na ji dai shi ne bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma saɓanin nasu ya cancanci a baje shi a fili, tun da yake mu ne za a koyar, jama'a kuma su ne za su kwanta a hannunmu.

Da farko, mene ne wannan tsari? A tsarin da muka saba da shi, lokaci shi ne ma'auni. An ƙayyade awa kaza na lacca, mako kaza a ɗakin haihuwa, mako kaza a ɗakin yara, in lokacin ya cika aka zauna jarrabawa aka sami makin tsallakewa, shi ke nan an wuce. Tsarin iyawa kuwa daga ƙarshe yake farawa. Za a zauna a rubuta dalla-dalla abin da ya wajaba mai shaidar aikin jinya ya iya yi ranar da ya fita: ya iya gane majinyacin da jikinsa ya fara rikicewa, ya iya lissafin magani gwargwadon nauyin yaro, ya iya farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba, ya iya yi wa dangi bayani cikin harshen da za su fahimta. Sa'an nan a tsara darussa domin su kai ɗalibi can, a kuma auna shi ta hanyar kallonsa yana yi. In bai iya ba ya sake, in ya iya ya wuce. A nan iyawar ce ba ta canzawa, lokaci kuwa yana iya tsawo ga wani ya gajarta ga wani.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. A makarantar allo ba a wanke wa yaro allo don mako ya cika, sai ya biya karatunsa malam ya ji ya gamsu, kuma yara goma da ke zaune a tabarma ɗaya kowa da inda ya kai. Tela ba ya yaye yaronsa sai ya ga ya yanka ya ɗinka riga ta zauna. Abin da ke sabo shi ne a ɗauki wannan hikima a shigar da ita cikin jami'a mai zangon karatu, da jadawalin jarrabawa, da aji mai ɗalibai masu yawa.

A ƙasashen Turawa an daɗe ana wannan muhawara. A 1968 wani masanin ilmi na Amurka, Benjamin Bloom, ya kawo hujjar cewa mafi yawan ɗalibai za su iya ƙwarewa a darasi in aka ba su isasshen lokaci da gyara. A 1975 Ronald Harden da abokan aikinsa a Jami'ar Dundee suka bayyana wata irin jarrabawa wadda ɗalibi zai riƙa zagayawa tasha-tasha, a kowace tasha ya yi wani aiki cikin 'yan mintoci, mai jarrabawa yana duba shi da takardar da ta jera matakan aikin. Ita ce muke kira OSCE a yau. A 1990 George Miller ya kasa iyawar ma'aikacin lafiya hawa huɗu: sani, da sanin yadda ake yi, da nuna yadda ake yi, da kuma aikatawa a wurin aiki na gaskiya. Jarrabawar takarda hawa biyu na ƙasa take aunawa. Ni a daren da na ba ku labari a hawa na biyu nake, aka ce in yi aikin hawa na huɗu. A 2010 kuma wani kwamitin masana na duniya da mujallar Lancet ta wallafa rahotonsa ya yi kira da a gina karatun likitoci da ma'aikatan jinya bisa iyawar da jama'ar kowace ƙasa ke bukata, a 2021 ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka ta amince da sabon tsarin karatu a kan wannan turba.

Mu a Nijeriya tarihinmu ya ɗan bambanta. Horon jinya ya zo mana ne bisa salon Ingila, wanda ya samo asali daga makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas na Landan a 1860, watau makaranta a jikin asibiti, ɗalibi yana koyo yana aiki. Jami'ar Ibadan ce ta fara ba da digiri a fannin jinya, ta buɗe sashenta a 1965. A 1979, da doka mai lamba 89, aka kafa Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda ita ke ba da lasisi, kuma jarrabawar tasha-tasha tana cikin abin da take auna ɗalibai da shi. A 'yan shekarun nan an mai da tsofaffin makarantun jinya kwalejoji masu ba da difloma, a watan Disamba na 2022 kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja wadda ta rubuta wa kowane darasi abin da ake so ɗalibi ya iya bayan ya gama shi, ta riƙe kashi 70 cikin ɗari ta bar wa jami'o'i kashi 30. Ke nan a takarda mun riga mun shiga tsarin. Abin tambaya shi ne ko ya sauko daga takarda ya shiga aji.

Malaman da na saurara sun kasu gida uku. Na farko su ne masu goyon baya ba tare da wata-wata ba. Hujjarsu ita ce a tsohon tsari ɗalibi yana iya ɓuya cikin taro shekara biyar. Ya zauna a bayan aji, ya haddace takardun lacca, ya amayar da su ranar jarrabawa, ya fita da sakamako mai kyau alhali bai taɓa sa wa majinyaci robar fitsari ba. A tsarin iyawa babu wurin ɓuya, domin kowa sai ya tsaya shi kaɗai ya yi. Suka ce kuma ya fi adalci. A da, jarrabawar aiki ta dogara ga irin majinyacin da rabonka ya faɗa a kansa da kuma irin halin da mai jarrabawa ya tashi da shi, amma in tashoshi ɗaya ne kuma takardar maki ɗaya ce, ɗan talaka da ɗan wane duk ma'auni ɗaya za a sa musu. Wata malama daga cikinsu ta ƙara da cewa tsarin yana tilasta wa malami shi kansa ya san abin da yake so ya koyar, maimakon ya yi ta karanta littafin da ya rubuta tun shekara goma da suka wuce.

Gida na biyu su ne masu shakka, galibinsu kuwa dattawa ne da suka daɗe a bakin gado kafin su shiga aji. Ba su ƙi a koyi aiki da hannu ba, hasali ma cewa suke abin da ake kira sabo shi suka tashi a ciki. Tsoronsu shi ne a yayyanka aikin jinya gutsi-gutsi har ransa ya fita. Ɗalibi yana iya cika matakai ashirin na wankin ciwo, ya sami maki ashirin, amma bai lura majinyacin yana ɓoye hawaye ba, bai kuma tambayi dalilin da ya sa ciwon ya ƙi warkewa ba. Tausayi da lura da sanin lokacin da ya kamata a bar ƙa'ida a kira likita da gudu, suka ce, ba su shiga cikin layukan takardar maki. Suna kafa hujja da littafin da Patricia Benner ta wallafa a 1984, inda ta nuna ma'aikacin jinya yana bin matakai biyar daga ɗan koyo zuwa gwani, kuma matakin da ta kira na mai iyawa shi ne na uku, ba a kai shi sai bayan shekara biyu zuwa uku ana aiki iri ɗaya. To, in haka ne, yaya makaranta za ta buga hatimi ta ce wanda ya fita jiya ya ƙware? Tsoronsu na biyu shi ne a rage ilmin tushe, watau sanin yadda jiki ke aiki da yadda magani ke tafiya a cikinsa, a fito da mai hannu wanda bai san dalili ba. Irin wannan, in ji su, ɗan aike ne, kuma sana'ar jinya ta sha wahala kafin ta fita daga wannan matsayi.

Gida na uku su ne mafi yawa a cikin waɗanda na yi magana da su. Sun yarda da tsarin, amma sun ce an ba su umarni ba a ba su kayan aiki ba. Wani malami ya ɗauki alli ya yi mini lissafi. Ya ce a ɗauka aji yana da ɗalibi 120, kallon kowane ɗaya yana yin aiki guda tare da yi masa gyara yana cin minti 10. Minti 1,200 ke nan, watau awa 20, a kan aiki ɗaya, sau ɗaya, ba a ma zo kan wanda ya kasa zai sake ba. In ayyukan 30 ne, awa 600 ake magana. Wane malami ne zai iya wannan, ga lacca, ga duba takardun jarrabawa, ga kula da masu rubuta kundin kammala karatu? Suka ƙara da cewa a jami'a ba awannin da malami ya yi a bakin gado tare da ɗalibai ake ƙirgawa wajen ƙarin girma ba, maƙalun da ya wallafa ake ƙirgawa. Ga kuma jadawali wanda ba ya lanƙwasuwa: tsarin yana cewa a ba mai jinkiri lokaci, zangon karatu kuwa yana ƙarewa ranar da aka sa, balle in yajin aiki ya cinye watanni, kamar na malaman jami'o'i na 2022 da ya ɗauki wata takwas. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wanda ya ce su kansu da lacca aka koyar da su, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake tsara tasha ko yadda ake yi wa ɗalibi gyara ba tare da an karya masa gwiwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin iyawar da ake bukata ga mai koyar da aikin jinya tun 2016, fannoni takwas, ciki har da cewa malami ya ci gaba da riƙe ƙwarewarsa ta aikin asibiti. Kafin a auna ɗalibi da wannan mudu, ya kamata a fara cika wa malami nasa.

To, wa ke da gaskiya? A nawa ɗan tunani, ba a raba wannan gardama da fatar baki, sai a duba inda aka gwada. Akwai wani shiri na koyar da farfaɗo da jarirai wanda aka ƙaddamar a 2010, mai koyar da cewa jaririn da bai yi numfashi ba a taimaka masa cikin minti ɗaya na farko, a goge shi, a motsa shi, in ya ƙi a hura masa iska da jaka. A asibitin Haydom da ke karkarar Tanzaniya an yi wa ma'aikata horon kwana ɗaya a kan wannan. Binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa bayan watanni sun fi iya yi a jikin jaririn roba, amma aikinsu a ɗakin haihuwa bai gyaru ba. Wannan magana ce ta gida na biyu tsaf: cin jarrabawa a kan roba bai zama iyawa ba. Sai asibitin ya canza dabara, aka ajiye jaririn roba a ɗakin haihuwa, ana ɗan gwaji na mintoci kaɗan a kai a kai. Binciken da ya fito a 2015 ya nuna mutuwar jarirai cikin awa 24 na farko ta sauko daga kimanin 11 zuwa kimanin 7 cikin kowane dubu. Wannan kuma maganar gida na farko ce, tare da sharaɗin cewa maimaici ne ke kawo iyawa. Har ila yau akwai amsa ga gida na uku, domin abin da aka yi amfani da shi ba na'ura ce mai tsada ba.

Misali na biyu ya fi kusa da gida. A 2023 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya shafi mata fiye da 200,000, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. An ba ungozomomi wata ledar shimfiɗa mai ma'auni wadda ke tara jinin domin a daina kintace da ido, aka kuma horar da su su yi matakan ceto a tare da zarar jini ya kai ma'auni: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, maganin tsai da jini, ƙarin ruwa, dubawa, da kiran na gaba in abin ya ƙi. Inda aka yi haka an gano kashi 93 cikin ɗari na masu zubar jini, inda ba a yi ba kashi 51, kuma zubar jini mai tsanani da tiyata da mutuwa a haɗe suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Magungunan nan ba sababbi ba ne, duk wata ungozoma ta karanta su a makaranta. Abin da ya canza shi ne an mai da sanin ya zama aikin da hannu ya saba da shi.

Ko a Amurka, inda wani bincike na 2014 ya nuna ana iya maye gurbin har rabin awannin asibiti da gwaji a ɗakin koyo, masu binciken sun gindaya sharaɗi: sai da malamai horarru, da isassun kaya, da zama a tattauna bayan kowane gwaji. Kada wani ya ɗauki rabin maganar ya bar rabi, ya ce tun da an sayi mutum-mutumi ɗaya an huta da kai ɗalibai asibiti.

Saboda haka ga inda na tsaya. Ina tare da gida na farko a kan manufa, domin ban ga hujjar da za ta sa a ba mutum lasisin taɓa jikin jama'a ba tare da wani ya gan shi yana yi ba. Ina ɗaukar maganar gida na biyu a matsayin gargaɗi, kuma maganinta yana cikin tsarin kansa in an yi shi da gaskiya: a sa gaisuwa da neman izini da rufe tsiraicin majinyaci da bayanin dalili cikin abin da ake aunawa, a kuma fahimci cewa abin da makaranta ke shaidawa shi ne wannan ɗalibi ba zai cutar ba in ya fara aiki ƙarƙashin kulawa, gwaninta kuwa sai a hankali. Amma gida na uku su ne suka taɓa inda ke ciwo. Abin da na fi tsoro bai wuce a karɓi sunan tsarin a bar aikinsa ba, a canza kan takardar manhaja, aji kuwa yana nan yadda yake.

Dalilin tsoron nawa kuwa a fili yake. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan majalisar jinya ya ce ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. A wannan shekara dai gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ƙara guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun horar da ma'aikatan lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Ƙarin abin so ne, muna bukatarsa. Amma mai karatu ya haɗa lissafin da kansa: ɗalibai sun ninka, ƙwararrun da za su tsaya a kansu a asibiti suna raguwa. Sistar da ta karɓi allura a hannuna, in ta tafi, wa zai karɓa a hannun ƙanwata? A ƙauyukanmu sau da yawa ma'aikaciyar jinya ko ungozoma ita ce likita, ita ce mai ba da magani, babu na gaba da za ta kira. Wadda za a tura irin wannan wuri ba ta da damar koyo a kan kuskure.

Mu ɗalibai ma muna da namu laifin, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kowa ya san yadda ake yi da littafin da ake sa hannu a kan ayyukan da ɗalibi ya yi a asibiti. Ana bari sai mako na ƙarshe, a bi ma'aikata ana roƙo, anti ki taimaka ki sa mini hannu, a cike shafi ashirin a zama ɗaya. Kowa ya san masu zuwa asibiti su sa suna su ɓace. Ita kanta jarrabawar tasha-tasha mun mai da ita hadda, muna rera matakai kamar karatun firamare, har mutum ya ce ya wanke hannu alhali ko famfo bai kalla ba. Wanda ya karɓi sa hannu a kan haihuwar da bai karɓa ba, bai cuci malaminsa ba. Wata mata ya cuta wadda bai san ta ba tukuna, za su haɗu nan da shekara biyu da tsakar dare.

Ku kuma yayyenmu da ke ma'aikatun lafiya da na ilmi da ofisoshin kasafin kuɗi, ko da kuna ƙananan kujeru, ta hannunku takardu ke wucewa. In an kawo batun gina sabuwar kwalejin jinya, ku tambaya malamai nawa za a ɗauka kuma a wane asibiti ɗalibai za su koyi aiki, domin gini ba ya koyarwa. In an kawo kasafin ɗakin gwaji, ku duba ko an sa kuɗin safar hannu da sirinji da auduga na kowace shekara, ba na ranar buɗewa kaɗai ba. Ana yawan faɗin cewa wasu makarantu aron kaya suke yi ranar da masu dubawa za su zo, su mayar bayan sun tafi. In kun taɓa zama cikin ayarin dubawa, ku nemi ganin ɗalibai suna amfani da kayan.

Ga hukumar jami'a da ƙungiyarmu ta ɗalibai ina da shawara huɗu, ba kuwa masu cin kuɗi da yawa ba. Ta farko, a bar ɗakin gwaji a buɗe da yamma da ranar Asabar, ɗaliban shekarar ƙarshe su riƙa kula da na ƙasa bisa jadawali, domin awa 600 ɗin nan ba ta raguwa sai an raba ta. Ta biyu, a zaɓi ayyuka kaɗan waɗanda rai ya rataya a kansu, kamar farfaɗo da jariri, da tsai da jini bayan haihuwa, da lissafin magani, da gane majinyacin da ke neman tafiya, a ce waɗannan ba a tsallake su da rabin maki, sai an iya su sarai. Ta uku, ma'aikatan asibitin da ke koyar da mu a ba su horo da takardar shaida da ɗan alawus, a daina ɗaukar wahalarsu kamar sadaka. Ta huɗu, awannin da malami ya yi a bakin gado tare da ɗalibai su shiga lissafin ƙarin girmansa. Ƙungiyarmu ta saba fita a kan ruwa da wuta da kuɗin makaranta, kuma haƙƙinta ne. Ina ganin ingancin abin da ake koya mana shi ma ya isa a kai shi gaban hukuma.

Na koma wancan asibiti a zangon da ya wuce. Kafin in je na yi ta gwaji a hannun roba har na daina ƙirgawa, na kuma roƙi wata ma'aikaciya ta tsaya a kaina sau da dama. Ranar da na sami jijiya a karon farko ba wanda ya yaba mini, majinyacin ma bai san wani abu ya faru ba, haka kuwa ya kamata. Malamanmu za su ci gaba da muhawararsu, mu kuma mu riƙa sauraro da ladabi muna faɗin abin da muka gani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu fita da abin da za mu amfane su da shi.